Furen Pareto: Daga Duwatsun Dalmeshiya Zuwa Gidan Sauro

A unguwar Döbling da ke arewacin birnin Biyana, hedikwatar ƙasar Ostiriya, akwai wani gini da kan ruɗi baƙo. Yana da ƙubba da hasumiya biyu sirara, an kuma lulluɓe fuskarsa da tangaran mai launi irin na masallatan Isfahan a ƙasar Farisa. Ba a taɓa kiran salla a cikinsa ba. Masana'antar garin kashe ƙwari ce, wadda iyalin wani ɗan kasuwa mai suna Johann Zacherl suka gina tsakanin 1888 da 1892, suka ba ta siffar gine-ginen Gabas domin mai saye ya riƙa tuna inda hajar ta samo asali. Abin da ake niƙawa a ciki kuwa busasshen fure ne.

Wannan fure da wani ɗan'uwansa na kusa su ne kakannin yawancin magungunan sauron da ake saya a kanti a yau, tun daga igiyar leko da ake kunnawa bayan magariba har zuwa sinadarin da ke jikin gidan sauron da ake rabawa a asibiti. Turawa suna kiransa fairetiram. Sunan da ya fi sauƙi a bakin Bahaushe shi ne wanda masu jin Suwahili suka ba shi, wato pareto, kuma da shi za a ci gaba a nan. Yana cikin babban dangin tsirrai da masana ke kira Asteraceae, dangin katon furen nan mai ruwan ɗorawa da ake matse mai daga 'ya'yansa. Shuwaka da latas da tazargade duk 'yan gidan ne. Alamar dangin ita ce abin da ido ke gani kamar fure guda, alhali taron ƙananan furanni ne masu yawa da suka cunkushe a kan faifai ɗaya. A gindin kowane ƙaramin fure akwai ɗan kwanson iri, kuma a jikin waɗannan kwansuna ne pareto ke tara fiye da kashi 90 cikin ɗari na gubarsa.

Iri biyu ne suka shiga tarihi. Na farko, mai jan fure ko ruwan hoda, yana fitowa da kansa a makiyayan da ke saman dazuzzukan tsaunukan Kokeshiya da arewacin Farisa. Mutanen yankin sun daɗe suna shanya shi su daka, su barbaɗa a shimfiɗa saboda ƙuma da ƙwarƙwata, fatake kuma suna kai garin Rasha da Turai da sunan garin Farisa, ba tare da sun faɗi abin da ke cikinsa ba. Zacherl, wanda aka haifa a Munik a 1814, ya isa Tifilis, babban birnin Jojiya na yau, a 1842. Ya ga yadda ake amfani da garin, ya ƙulla ciniki da masu tsinko furen a kan duwatsu, daga baya ya yi masa suna Zacherlin, ya yi arziki da shi.

Na biyu fari ne mai rawayar tsakiya, ɗan asalin gangaren farar ƙasa da tsakuwa na gabar tekun Adiriyatik, yankin Dalmeshiya na ƙasar Kuroshiya da maƙwabtanta. Mutanen wurin suna ce masa buhač, daga kalmarsu ta ƙuma. Ana ba da labarin wata mata a Dubrovnik da ta tsinko furannin don ado, da suka yi yaushi ta jefar a lungu, bayan kwanaki ta tarar da matattun ƙwari kewaye da su. Irin labarin nan ne da ake liƙa wa kowane babban bincike bayan ya yi suna. Wanda Kuroshiyawa suka fi ba lambar yabo shi ne wani mai haɗa magani na birnin, Antun Drobac, wanda ya gwada furen ya kuma shiga cinikinsa a tsakiyar ƙarni na 19. Farin ya fi jan ƙarfi, don haka bai daɗe ba ya ƙwace kasuwa, Dalmeshiya ta riƙe ta har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sai an tuna yadda biranen Turai suke a wancan zamani kafin a gane darajar garin. Kuɗin cizo yana cikin gadon attajiri kamar yadda yake a tabarmar talaka, ƙwarƙwata tana bin soja duk inda ya yi sansani, magungunan da ake da su kuwa na sinadarin asenik ne da zaiba, waɗanda ba sa bambanta ƙwaro da yaron gida. Sai ga gari da za a barbaɗa a kan katifa, ƙwaro ya faɗi nan take, mutum ya kwanta ya tashi lafiya. Tsadarsa ta jawo algus: ana haɗa shi da garin kara da ganye, ko da wani farin fure mai kama da shi wanda ba ya kashe komai, a zuba kurkum ko rini don launi ya fito. Hukumar aikin gona ta Amurka ta sha wallafa bayanai kan yadda za a gane na jabu.

Da aka tabbatar a ƙarshen ƙarnin cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin maleriya da cutar shawara, sai garin ya tashi daga kayan tsabtar ɗaki ya zama makamin hukuma. William Gorgas, likitan sojan Amurka, ya sa an riƙa toshe ƙofofi da tagogi ana ƙona pareto da farar wuta a cikin gidajen Habana a 1901, ya kuma maimaita hakan a Fanama lokacin haƙa mashigin ruwa. Ma'aikata kan shigo bayan hayaƙi ya lafa su share sauron da ya zube su ƙone shi, domin an lura wasu suma kawai suke yi, su farfaɗo.

Amma abin da ya shigar da furen ɗakin talakan duniya ya faru ne a Japan. Ueyama Eiichiro ɗan gidan manoman lemo ne a Arida, lardin Wakayama. A 1885 ya haɗu da wani Ba'amurke mai cinikin iri, H. E. Amoore, ya yi masa kyautar dashen lemo da wasu tsirrai, shi kuma ya rama da aiko masa da irin pareto a shekarar da ta biyo. Ueyama ya shuka, ya ga ya yi, ya shiga yawo gari gari yana raba iri yana koya wa manoma, musamman masu gangaren da shinkafa ba ta yi. Japanawa suka raɗa wa furen suna jochugiku, ma'ana fure mai kawar da ƙwari. A 1890 ya cuɗa garin da kayan da ake yin turaren tsinke na ɗakunan ibada, ya fitar da sandar hayaƙin korar sauro. Matsalarta ba ta wuce minti 40 tana ci, in an ƙara mata tsawo kuma ta karye ko ta faɗi ta tayar da gobara. Matarsa Yuki ce ta ba da shawara a 1895 cewa a naɗe sandar kamar gammo. An ce wani maciji ta gani ya naɗe. Sai da aka shekara bakwai ana gwaji kafin naɗaɗɗen ya shiga kasuwa a 1902, yana ci kusan awa bakwai, daidai tsawon barcin dare. Kamfanin da ya kafa yana nan har yau da tambarin kan zakara da sunan Kincho. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tarwatsa noma da fatauci a gabar Adiriyatik, Japan ta gaje kasuwar, gonakin Hokkaido da tsibiran kudu suka zama masu ciyar da masana'antun Amurka har cikin shekarun 1930.

Duk wannan ciniki an yi shi ne ba tare da an san ainihin abin da ke kashe ƙwaron ba. Masana biyu a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Hermann Staudinger da Leopold Ruzicka, su ne suka fara warware siffar sinadaran, suka wallafa aikinsu a 1924. Dukansu biyu sun ci kyautar Nobel daga baya a kan wasu ayyuka dabam, kuma shi Ruzicka haifaffen Vukovar ne a Kuroshiya, ƙasar furen. Wasu suka zo suka gyara kurakuransu, aka tsaya a kan cewa sinadarai shida ne masu kama da juna, ana kiransu fairetirin a jimlace.

Yadda suke aiki ya cancanci ɗan bayani, domin sauran labarin a kansa ya rataya. Saƙo yana bin jijiya ne ta hanyar wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa sinadarin sodiyam ya shiga, su rufe cikin ƙiftawar ido. Fairetirin yana maƙale ƙofar a buɗe. Jijiya ta yi ta harba saƙo ba ƙaƙƙautawa, ƙwaro ya kama makyarkyata, ya faɗo ƙasa, ya shanye. Mutum ma yana da irin waɗannan ƙofofi, sai dai nasa ba su cika kama sinadarin ba, fatarsa ba ta tsotse shi sosai, hantarsa kuma tana farfasa shi da sauri. Kyanwa ba ta samu wannan gata ba, haka kifi da ƙudan zuma. Sai kuma hali na biyu: fairetirin ba ya jure rana. In aka fesa shi a fili, haske da iska kan lalata yawancinsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka ba ya taruwa a ƙasa ko a abinci, ƙwari kuma ba sa zama cikinsa tsara bayan tsara har su saba da shi. Ga manomi da jami'in lafiya kuwa wannan aibi ne babba, domin maganin da ya mutu kafin gobe sai an sake saye, an sake fesawa.

Furen ya shiga Kenya a 1928, lokacin da wani Bature mai gona, Gilbert Walker, ya shuka shi a yankin Nakuru. Pareto ba ya fure sai ya sha sanyi. A Turai da Japan hakan yana nufin girbi ɗaya a shekara, amma a tsaunukan Kenya, masu tsayin mita 2,000 zuwa sama a kan layin ikwaita, dare na da sanyi kullum, rana kuma tana da haske kullum, sai shukar ta riƙa fure wata tara ko goma, ana tsinka duk bayan mako biyu ko uku. Furen Kenya ya kuma fi guba, kusan kashi 1.3 cikin ɗari na nauyin busasshensa, na Japan kuwa bai cika kai kashi 1 ba. Masu saye a Amurka sun fara karkata tun kafin yaƙi; da Japan ta zama abokiyar gaba a 1941, ciniki ya koma Gabashin Afirka ɗungurungum.

Ribar ta Turawa 'yan kama-wuri-zauna ce. Da lasisi ake noman, kuma kusan su kaɗai ke samu. Tsinkar fure ɗaya bayan ɗaya da hannu, aikin da ke cinye yawancin kuɗin noman, mata da yara ne na iyalan Kikuyu da sauran ƙabilu ke yinsa, mutanen da aka ƙwace ƙasarsu suka koma 'yan zaman alfarma a gonakin baƙi. Sai a tsakiyar boren Mau Mau, da Shirin Swynnerton na 1954, gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe wa 'yan ƙasa ƙofar noman amfanin sayarwa sosai. Bayan 'yancin kai a 1963 aka yanyanka manyan gonaki aka raba, pareto ya zama shukar mai ƙaramar gona a Nyandarua da Molo da Kisii. Ya dace da talaka ƙwarai: ba ya son fili mai yawa, busasshensa ba ya ruɓewa a hanya, kuma kuɗinsa na shigowa kaɗan kaɗan duk wata, abin da ke biyan kuɗin makaranta. Ana ƙiyasta iyalai kusan 200,000 sun dogara da shi a lokacin ganiyarsa, Kenya kuma tana samar da fiye da kashi biyu cikin uku na abin da duniya ke saye. Wanda ya duba tambarin ƙasar zai ga furen a gindin Dutsen Kenya, tare da gahawa da shayi da masara da abarba.

Tanzaniya da Ruwanda sun bi sahu. A Ruwanda kuɗin da aka biya daji ne: a ƙarshen shekarun 1960, da tallafin kuɗin Turai, aka sare wani yanki na gandun duwatsu masu aman wuta, mazaunin goggon birin tsauni, aka mai da shi gonakin pareto.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar abubuwa biyu a wannan tarihi. Masu bincike biyu na hukumar gona ta Amurka, Lyle Goodhue da William Sullivan, sun ƙirƙiro gwangwanin feshi a 1941, aka ɗura masa ruwan pareto da iskar firiyon, aka ƙera miliyoyi don sojojin da maleriya ke kayarwa a tsibiran tekun Fasifik. Cikin haɗin akwai man riɗi. An gano cewa riɗi, wanda shi kansa ba ya kashe ƙwaro, yana ninka ƙarfin fairetirin, domin wani sinadari da ke cikinsa yana toshe abin da jikin ƙwaro ke amfani da shi wajen narkar da guba. Daga wannan haske aka haɗa wani sinadari a ƙarshen shekarun 1940, wanda ake taƙaita sunansa da PBO. A riƙe sunan, zai dawo. Abu na biyu shi ne ƙarancin furen. Kenya ta kasa cika buƙatar rundunoni, wannan ya sa Amurka ta gaggauta gwada wani sinadarin Suwizalan da Paul Müller ya gano ƙarfinsa a 1939, wato DDT. Shi ba ya tsoron rana. In aka fesa a bango sai ya yi watanni yana kisa. Duniya ta rungume shi, har illarsa ga tsuntsaye da muhalli ta bayyana, sauro kuma ya fara jure shi.

Tun daga nan burin masana sinadarai ya zama guda: a samu abu mai sauƙin illa ga mutum kamar pareto, mai daɗewa kamar DDT. Milton Schechter da abokan aikinsa a Amurka suka haɗa aletirin a 1949, kwaikwayon farko da aka iya yi a masana'anta, kuma shi da 'yan'uwansa ne ke cikin yawancin igiyar leko ta yau a maimakon furen. Amma shi ma rana na cinye shi. Wanda ya kwance ƙullin shi ne Michael Elliott da tawagarsa a cibiyar binciken gona ta Rothamsted a Ingila. Sun bi siffar sinadarin gaɓa gaɓa, suka gano wuraren da haske ke karya shi, suka musanya su. A 1973 suka bayyana fametirin, mai yin makonni a fili, a 1974 kuma deltametirin, wanda 'yan giram kaɗan ke isar hekta guda. Wannan sabon dangi ake kira fairetiroyid. Cikin shekara goma ya mamaye gonakin auduga na duniya, kuma da shi manomin wake a Kano ko Maraɗi ke feshi har yau, a ƙarƙashin sunaye irin su saifametirin. Fiya-fiya da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ba ta cikin wannan dangi. Galibi sinadarin daikulobos ne, mai hatsari ga mutum nesa ba kusa ba.

Babban aikin fairetiroyid bai kasance a gona ba. A farkon shekarun 1980, masu bincike a kusa da Bobo Julaso ta Burkina Faso suka jiƙa gidan sauro da fametirin, suka ga ko yana da huji sauro ba ya samun sukunin cizo, da yawa kuma suna mutuwa. Hikimar ita ce mai barci ya zama tarko: numfashinsa da ɗumin jikinsa ke jawo sauro zuwa zaren da zai kashe shi. Binciken da aka yi a Gambiya, wanda ya fito a 1991, ya nuna raguwar mutuwar yara da ta ba kowa mamaki, aka maimaita gwajin a Navrongo ta Gana da Kilifi ta Kenya. Da aka haɗa sakamakon gwaje-gwajen, an samu cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 17 cikin ɗari. A wancan lokaci babu wani dangin maganin ƙwari da aka amince a sa a jikin abin da jariri zai kwana a ciki, har ya tsotsa, sai fairetiroyid.

Shugabannin Afirka sun taru a Abuja ranar 25 ga Afrilu, 2000, suka yi alkawarin kai kariya ga kashi 60 cikin ɗari na yara da masu juna biyu nan da 2005. Wa'adin ya wuce ba a cika ba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne mutane ba sa mayar da gidan sauro a sake jiƙa shi duk wata shida. Maganin wannan ya fito ne daga Japan kuma: kamfanin Sumitomo ya narka fametirin a cikin robar zaren kanta, yana tsattsafowa a hankali shekaru, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001, aka fara saƙa shi a Arusha ta Tanzaniya a 2003. Daga nan aka shiga rabo kyauta. Nijar ta raba fiye da miliyan biyu a Disamban 2005 da Maris na 2006, tare da rigakafin shan inna. Nijeriya, wadda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, ta fara nata gangamin daga Kano a watan Mayun 2009, da burin raba fiye da miliyan 60. Wani babban nazari da mujallar Nature ta wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta. Da wuya a nuna wani tsiron dawa, in ban da itacen da ake samun kwinin da ɗan'uwan tazargade da ya ba da maganin atemisinin, da ya kai haka a ceton rai.

Sai dai ko ƙwayar fure ɗaya babu a cikin waɗannan gidajen sauro. A daidai shekarun da jikokin pareto ke shiga kowane ɗaki a Afirka, manominsa a Kenya yana tuge shukarsa. Ana yawan ɗora laifin a kan gasar sinadaran masana'anta, kuma sun rage kasuwa ba shakka, amma masu son na asali ba su taɓa ƙarewa ba: masu noma ba tare da sinadaran masana'anta ba, da ɗakunan ajiyar abinci, da masu haɗa maganin feshi na cikin gida. Abin da ya karya noman daga cikin gida ya fito. Doka ta ba Hukumar Pareto ta Kenya ikon saye da sarrafawa da sayarwa ita kaɗai. Da harkokinta suka dagule a farkon shekarun 2000, ga kuma gobarar da ta ci masana'antarta ta Nakuru a 2003, sai manomi ya kai fure ya yi watanni, wani lokaci shekaru, bai ga kuɗinsa ba, kuma ba shi da wani mai saye. Ya koma dankalin Turawa da kabeji da kiwon shanun madara. Noman da ya haura tan 10,000 a shekara ya faɗo zuwa 'yan ɗaruruwa. Masu saye suka juya ga tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, inda aka fitar da irin da ke fure lokaci ɗaya domin injin girbi ya share gona a yini guda. Kenya ta soke ikon kaka-gida da dokar 2013, kamfanoni masu zaman kansu da gwamnatocin gundumomi suna raba dashe, noman yana farfaɗowa sannu a hankali, amma kambun ya riga ya tafi. Babban kamfanin pareto na Tasmaniya kuwa Sumitomo ya saye shi a 2017.

Sauro ma bai zauna ba, kuma arewacin Nijeriya ya riga kowa ganin halinsa. A shirin gwaji na yammacin lardin Sakkwato da aka fara a 1954 a kewayen Birnin Kebbi, an fesa sinadarin dayaldirin a bangaye, cikin shekara biyu sauron ya daina mutuwa da shi. A Aikin Garki na 1969 zuwa 1976, a jihar Jigawa ta yau, an haɗa feshin wani sinadari da rabon magani, zazzaɓi ya ragu ƙwarai amma yaɗuwarsa ba ta yanke ba. Pareto na asali ya yi aiki a Garki, sai dai a matsayin ma'auni: a shimfiɗa fararen zannuwa a ɗaki da safe, a rufe, a fesa ruwan furen, a ƙirga sauron da ya zubo.

An fara ba da rahoton sauro mai jure fairetiroyid a Kodebuwa a 1993, a 1998 kuma aka gano sanadi ɗaya: ɗan sauyi a ƙwayar gado da ke canza siffar ƙofar nan ta sodiyam, ta yadda guba ba ta kama ta sosai. DDT ma a wannan ƙofa yake aiki, don haka feshin shekarun baya ya riga ya share wa sauyin hanya, feshin auduga da kayan lambu kuma ya ci gaba da tace tsutsar sauro a kududdufai. Wasu sauron kuma jikinsu ya ƙara yawan sinadaran da ke narkar da gubar kafin ta isa jijiya. Bayan rabon Nijar, masu bincike a Yamai sun auna sun ga sauyin ya ƙaru cikin ɗan lokaci. Abin da ya hana ƙwari sabawa da furen fiye da shekara ɗari, wato saurin mutuwarsa a rana, shi ne ainihin abin da Elliott ya cire. Ba za a ga laifinsa ba, domin ba don haka ba da babu gidan sauro mai magani. Abin da za a iya tuhuma shi ne yadda aka ɗora kariyar nahiya guda a kan dangin sinadari ɗaya har tsawon shekara ashirin, ana kuma zuba shi a gonaki ba lissafi, alhali darasin Birnin Kebbi yana rubuce tun 1956.

Gyaran farko ya fito ne daga tsohon sirrin man riɗi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gidan sauro mai haɗe da PBO, wanda ke toshe sinadaran narkarwar sauro domin fairetiroyid ya sake cin sa, kuma jihohi da dama na Nijeriya sun karɓi irinsa a rabon da ya biyo baya. Na biyu shi ne ƙara wata guba dabam, kulofenafir, wadda ba ta taɓa jijiya, sai dai ta katse hanyar da jikin sauro ke samar da kuzari. Asalinta kwaikwayo ne na wani sinadari da aka samu a jikin ƙwayar bakteriyar ƙasa. A gwaje-gwajen Tanzaniya da Benin, irin wannan gidan sauro ya rage kamuwar yara da kusan rabi idan aka kwatanta da tsohon, hukumar kuma ta ba da shawarar amfani da shi a Maris na 2023. Ya fi tsada, kuma kashe sauron yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Shi ya sa har yanzu ake haɗa shi da fairetiroyid a zare ɗaya, domin a samu mai kayar da sauro nan take kafin ɗayan ya gama aikinsa.